Daga Ƙwallon Gagarin Zuwa Dragon: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kumbo da Rigar 'Yan Sama Jannati

Wata rana cikin kaka, bayan an sallame magariba, muna zaune a dakalin ƙofar gida can wajen Ƙofar Marusa, sama ta wanke tas. Sai ga wani farin haske ya ɓullo daga yamma, ba ya ƙifce irin na jirgi, ba ya ƙara, ya ratsa saman Katsina cikin minti huɗu ko biyar ya ɓace. Na ce wa abokan hira akwai mutane a cikin abin nan, wataƙila ma abinci suke ci yanzu. Telan layinmu ya dire kofin shayi ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Daga wannan daren tambayoyi ba su yanke ba, wasu a dakali, wasu a aji wajen ɗalibaina na kimiyya. Ga waɗanda aka fi maimaita mini.

Malam, ina ne ma sararin samaniyar ya fara?

Ya fi kusa da yadda ake zato. Iyakar da aka fi amfani da ita kilomita 100 ce daga ƙasa. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ka ga da a ce hanyar miƙewa ta yi sama, da kafin ka gama hirar mota ka kusa. Hasken nan da muka hango tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, inda 'yan sama jannati ke zama suna aiki, tana wajen kilomita 400.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Hawa ba shi ne wahala ba, zama a can shi ne wahala. Duk abin da zai riƙa zagaya duniya bai faɗo ba sai ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Da wannan gudun, Katsina zuwa Kano daƙiƙa ashirin da 'yan kai ne. Mafi yawan man roka a kan samun wannan gudu yake ƙarewa, kuma zafin da kumbo ke sha wajen dawowa gudun nan ne iska ke karɓe masa.

Idan mutum ya fita ba riga, fashewa zai yi?

Ba zai fashe ba, fatar ɗan'adam ta fi haka ƙarfi. Zai suma cikin daƙiƙa goma zuwa sha biyar, in ba a cece shi cikin minti ɗaya ko biyu ba, rai ya yi halinsa. Inda babu matsin iska, ruwa tafasa yake ba tare da wuta ba. A 1966 bututun rigar wani ma'aikacin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai suna Jim LeBlanc ya cire yana cikin ɗakin gwaji da aka zuƙe wa iska. Abin da ya tuna kafin ya suma shi ne yawu na tafasa a harshensa. An maido da iska da sauri, ya farfaɗo. Ga kuma zafi da sanyi: ɓangaren da rana ke duka yana kai digiri 120, na inuwa yana sauka fiye da digiri 100 ƙasa da sifili.

Yaya kumbon farko yake?

Ƙwallo ne na ƙarfe mai faɗin mita 2.3, bai kai shagon tela ba. A cikinsa Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya zagaya duniya sau ɗaya ranar 12 ga Afrilu 1961, tafiyar minti 108. Kumbon, Vostok, na'ura ce ke sarrafa shi, domin likitoci ba su tabbatar mutum zai kasance cikin hayyacinsa a can ba. Ba shi kuma da hanyar sauka a hankali da mutum a ciki. Saura kilomita 7 ya iso ƙasa, kujerar ta cilla Gagarin waje, ya sauko da laimarsa daban, ya dira a gona kusa da kogin Bolga. Wata manomiya da jikarta ne suka fara ganinsa, sanye da riga ruwan lemo da farin kwalkwali. Sai da ya lallashe su cewa shi ɗan ƙasarsu ne.

Na Amurka, Mercury, ya fi ma matsewa, siffarsa kamar mazurari, a teku yake faɗawa. A nan akwai abin da ya shafe mu, wanda ɗalibaina ba sa yarda sai na maimaita. Cikin tashoshin da Amurka ta kafa a duniya don bin sawun kumbon, akwai guda a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn yana wucewa ta samanmu, ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta tashi, suka ce masa ai iska ta yi kwanaki tana kaɗawa. Fabrairu ne fa. Ƙurar hunturunmu ce ya gani, wadda ke busar mana da leɓe.

Daga nan abin ya riƙa girma da sauri. Valentina Tereshkova ta zagaya duniya sau 48 a 1963. Gemini na Amurka ya ɗauki mutum biyu, kuma a Disamban 1965 Frank Borman da Jim Lovell suka yi kusan kwana 14 a wurin da bai fi gaban ƙaramar mota ba, ba wanka, ba miƙe ƙafa. Apollo ya ɗauki uku zuwa wata. Soyuz na Rasha ya fara ɗaukar mutum a 1967, har yau kuma jikokinsa na tashi daga Baikonur a Kazakistan.

Me ke da wuya a ɗinka riga? Ba roba ce a hura mata iska ba?

Je ka wajen mai faci, ya ba tayar babur iska sosai, ka gwada lanƙwasa ta. To a cikin irin wannan ake so mutum ya durƙusa, ya riƙe sifana, ya ɗaure noti. Hana iska fita ba wuya. Hana ta fita tare da barin gwiwa da yatsa su motsa, wannan ne ya sha kan injiniyoyi tun 1934, lokacin da matuƙin jirgi Wiley Post ya sa aka yi masa rigar roba da kwalkwalin ƙarfe don ya tashi sama sosai.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa shi ne Alexei Leonov, mutum na farko da ya fita daga kumbo, ranar 18 ga Maris 1965. Minti 12 ya yi a waje. Rigar ta kumbura ta sandare, yatsunsa suka zame daga safar hannu, ƙafafunsa suka bar takalmi, ya zo shiga ƙofa ya kasa. Sai ya buɗe makunni ya rage iskar rigar da kansa, abin da zai iya hallaka shi, sannan ya shige da ƙyar yana jiƙe sharkaf da gumi. Tsugune ba ta ƙare ba: na'urar saukowa ta ƙi aiki, suka sauko da hannu, suka faɗa cikin dajin ƙanƙara a yankin Perm na Rasha, shi da abokinsa suka kwana biyu a jeji.

Shekara guda bayan haka Gene Cernan na Amurka ya fita daga Gemini 9. Kokawa da rigar ta sa ya galabaita, tururin jikinsa ya rufe gilashin kwalkwalin har bai ganin gabansa. Bayan wannan ne aka koma horar da mutane a ƙarƙashin ruwa, aka kafa wa kumbo mariƙai da matakai a waje.

Dabarar da aka tsaya a kai ita ce a rage iskar rigar zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na wadda muke ciki, a mai da ita oksijin zalla, a sa zobban ƙarfe masu juyawa a kafaɗa da wuyan hannu da ƙugu. Ragewar ita ma tana da nata sharri. Ka san yadda lemon kwalba ke kumfa in an ɓalle marfi? Haka iskar naitirojin ke yi a jini in matsi ya sauka farat ɗaya. Shi ya sa mai fita ke shafe lokaci yana shaƙar oksijin kafin a buɗe ƙofa. Safar hannu kuwa har gobe ba a gama da ita ba, akwai waɗanda farcensu ya fita saboda ita.

Wa ya ɗinka rigar da aka taka wata da ita?

Telanmu ne ya yi wannan tambaya, ita ce kuma na fi jin daɗin amsawa. Teloli ne, akasarinsu mata, a kan keken ɗinki. Kamfanin da ya ci kwangilar, ILC na garin Dover a jihar Delaware, an san shi ne da rigar mama da ɗamarar mata ta Playtex. Ya kayar da manyan kamfanonin kayan soja saboda ma'aikatansa sun san yadda ake sa roba da yadi su bi jikin mutum, su riƙe ba su ƙuntata ba.

Rigar Neil Armstrong da Buzz Aldrin ta Yulin 1969 ninki 21 ce. Akwai robar da ke tsare iska, akwai nailan da ke hana ta kumbura, akwai ninkin leda mai ƙyalli da ke mayar da zafi, sai na waje da aka saƙa da zaren gilashi don kada ya ci wuta. Kuskuren da aka yarda wa mai ɗinki bai kai milimita ɗaya ba. Fil ɗaya in an manta shi a ciki zai iya huda robar, har hoton asibiti ake ɗaukar rigar don a tabbatar babu. Kowane ɗan sama jannati da awonsa, safar hannu ma sai an ɗauki zubin hannunsa.

Da na gaya wa telan, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ashe lifidi ne." Bai yi nisa da gaskiya ba. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan salla ya ga 'yan lifidi ya san ninki kan ninki, da kwalkwali, da yadda mahayi ke juyawa da dukkan jikinsa domin wuya ba ya juyuwa. Bambancin shi ne wannan lifidin yana goye da iskarsa, ruwansa, batirinsa da rediyonsa. Ni a wajena kiran sa riga ma rage masa daraja ne. Ƙaramin kumbo ne da aka yanka daidai jikin mutum. Da jakar bayan ya kai kilo 80 a duniya, a wata kuma nauyin ya koma kashi ɗaya cikin shida.

Ba ya mutuwa da zafi a ciki?

Zai mutu in ba a yi dabara ba, kuma zafin jikinsa ne zai kashe shi kafin na rana, tunda rigar ta toshe ko'ina kamar filas. A ƙarƙashinta ana sa wata 'yar ciki mai kama jiki, an saƙa mata siririn tiyo mai tsawon kusan mita 90, ruwan sanyi na zagayawa a ciki yana kwashe zafi zuwa jakar baya. A can ana barin ɗan ruwa ya tsatso ta wani faranti mai ƙananan ramuka, ya daskare, ya bi sarari a matsayin tururi, ya tafi da zafin. Randar ƙasa da ke tsakar gidanku da wannan hikimar take sanyaya ruwa a watan Afrilu: tana gumi, gumin na bushewa, na ciki na yin sanyi.

Gafarta Malam, in fitsari ya kama shi fa?

Yaran aji ba sa barin wannan. Alan Shepard, Ba'amurken farko da ya je sararin samaniya, tafiyarsa ta minti 15 ce a Mayun 1961, don haka ba a yi tanadi ba. Aka yi ta jinkiri yana kwance a kumbo awanni, ƙarshe a rigar ya yi. Yanzu ƙunzugu ake sawa irin na manya, tunda aikin waje kan kai awa shida zuwa takwas. Ruwan sha yana cikin jaka a ƙirji da tsinken zuƙa. In hanci ya yi ƙaiƙayi, sai a goga shi a wani ɗan soso da ke cikin kwalkwalin.

Na ga suna sa riga ko a cikin kumbo. Na mene ne?

Iri biyu ce. Akwai farar nan mai kauri ta aikin waje, akwai mara nauyi ta zaman kujera lokacin tashi da sauka. Ta biyun da rayuka aka saye ta. A 1964 Sobiyet ta cusa mutum uku a kumbon da aka yi don ɗaya, ba riga saboda ba wuri, aka dace suka dawo. Aka ci gaba da haka. Ranar 30 ga Yuni 1971, Soyuz 11 na dawowa, wani makunni ya buɗe a sama, iska ta fice. Kumbon ya sauka lafiya lau, masu tarba suka buɗe ƙofa suka tarar da Dobrovolsky da Volkov da Patsayev zaune a kujerunsu babu rai. Daga nan aka ƙirƙiro rigar Sokol, aka rage mutanen zuwa biyu har 1980 don a sami wurin kayanta.

Amurka ma ba ta tsira ba. Ranar 27 ga Janairu 1967, ana gwaji a ƙasa, wuta ta tashi cikin Apollo 1. An cika ɗakin da oksijin zalla, ƙofar kuma ciki take buɗewa, matsi ya danne ta. Grissom da White da Chaffee suka rasu. Aka sake ƙofar ta koma buɗewa waje cikin daƙiƙu, aka canza yadin riguna. Duk da haka, da jirgin jigila mai fiffike ya zo, bayan tashi huɗu aka daina sa rigar matsi, sai da hatsarin ɗaya daga cikinsu, Challenger, ya faru a 1986 aka dawo da ita.

Me ya sa aka bar jirgin nan mai fiffike aka koma siffar da?

Kwalliya ce ba ta biya kuɗin sabulu ba. Jirgin jigila na Amurka ya fara tashi ranar 12 ga Afrilu 1981, ya yi sawu 135 kafin a ajiye shi a 2011. Yana tashi kamar roka, ya sauka a titi kamar jirgi, yana ɗaukar mutum bakwai da kaya masu yawa. Shi ya kai madubin hangen taurari na Hubble, shi ya yi dakon yawancin sassan tashar ƙasa da ƙasa. An yi zaton zai yi arha tunda ana sake amfani da shi, sai ga shi bayan kowane sawu ana watanni ana duba dubban tayil ɗin da ke kare shi daga zafi.

Babban aibinsa shi ne ba a saman roka yake ba, a gefenta yake manne, kuma babu hanyar tsira in abu ya ɓaci. Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi ranar 28 ga Janairu 1986, saboda sanyi ya sandarar da wani zoben roba. Columbia ya wargaje yana dawowa ranar 1 ga Fabrairu 2003, saboda wani ɓallin soso ya fasa masa fiffiken hagu tun wajen tashi. Mutum 14 suka rasu a haɗurran biyu.

Siffar mazurari kuwa mai faɗin gindi tana ture iska mai zafi nesa da jikinta, tana daidaita kanta wajen faɗowa, kuma tunda a ƙoli take, ana iya fizge ta daga roka mai ci da wuta. An ga amfanin haka a Oktoban 2018, da rokar Soyuz ta lalace a hanya mutum biyun suka sauko da ransu. Shenzhou na Sin, wanda ya kai Yang Liwei a 2003, tsarin Soyuz ya bi. Dragon na kamfanin SpaceX, da ya fara ɗaukar mutane ranar 30 ga Mayu 2020, da Orion da aka ƙera don komawa wata, duk mazurari ne. Abin da ya canza yana ciki: allon taɓawa a madadin ɗaruruwan maɓallai, kumbo ya haɗe da tasha da kansa, a wanke shi a sake tashi da shi.

Sabo ba ya nufin an huta. Butch Wilmore da Suni Williams sun tafi da kumbon Starliner na kamfanin Boeing a Yunin 2024 da niyyar kwana takwas, injinansa suka ba da matsala, sai a Maris 2025 suka dawo a cikin Dragon.

To rigunan yanzu sun fi na da?

Za ka yi mamaki. Farar rigar da Amurkawa ke fita da ita daga tasha ƙirar shekarun 1970 ce, an fara aiki da ita a 1983, faci da gyara ake ta yi. A Yulin 2013 ruwan sanyaya jiki ya kwararo cikin kwalkwalin Luca Parmitano ɗan Italiya, fiye da lita ɗaya, ya rufe masa ido da hanci da kunne, da lalube ya koma ƙofa. A Maris 2019 aka fasa fitar mata biyu tare saboda riga matsakaiciya guda ɗaya ce a shirye, sai a Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka yi. Telanmu ya ce ko shi ba ya yi wa amarya haka.

Ta Rasha, Orlan, ta baya ake shigar ta kamar ƙofar firji, mutum na iya sa ta shi kaɗai. Sabuwar da kamfanin Axiom ya nuna a 2024 don komawa wata, wadda gidan ɗinkin Prada na Italiya ya sa hannu a yadinta, ita ma ta baya ake shiga.

Da gaske an je wata, ko fim ne?

An je, sau shida aka sauka, mutum 12 suka taka tsakanin 1969 da 1972. Sun kwaso duwatsu kilo 382 da masana na ƙasashe da yawa suka bincika. Sun bar madubai da har yau ake haska su daga ƙasa hasken ya dawo. Sobiyet, babbar kishiya, tana bin sawunsu da na'urorinta, ba ta taɓa musantawa ba. Rigunan ma shaida ne. Ƙurar wata ba irin tamu ba ce da iska ta goge wa kaifi, kamar garin kwalba take. Cikin kwana uku na Apollo 17 ta kankare safar hannu, ta cushe zobban riga, ta sa Harrison Schmitt atishawa da jan ido. Sun ce warinta kamar na albarushi.

Musulmi ya je? Yaya zai yi salla?

Da yawa. Na farko Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a Yunin 1985. A 2023 Rayyanah Barnawi ta je, Sultan Al Neyadi na Daular Larabawa kuma ya yi wata shida, har ya fita aikin waje. Tasha na zagaya duniya cikin minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini. Kafin tafiyar Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya a ƙarshen azumin 2007, malaman ƙasarsa sun zauna sun fitar da jagora: ya bi lokutan wurin da ya tashi, salla biyar a awa 24, ya fuskanci Ka'aba in zai iya, in ba haka ba ya fuskanci duniya, in ya gagara ko'ina, ya yi taimama in ruwa ya yi wuya. Zurfin hukuncin na malamai ne, ni iyakata alli da allo.

Mu fa?

Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, aka harba mata NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumban 2003, amma tauraron ɗan'adam ne, ba mutum a ciki. A Yunin 2025 wani lauya haifaffen Nijeriya, Owolabi Salis, ya hau kumbon kamfanin Blue Origin, irin wanda ke leƙa iyakar kilomita 100 ya dawo cikin kamar minti goma ba tare da zagaya duniya ba. Saƙon nan kuma da ke yawo na wani soja ɗan Nijeriya da ya maƙale a sama shekaru yana neman kuɗin dawowa, na 'yan damfara ne, kada ka tura ko sisi.

Yaya zan ga tashar da idona?

Ba ka buƙatar madubi. Akwai manhajojin waya da za ka sa musu Katsina ko Daura su gaya maka rana da minti da kusurwar da za ta ɓullo. Tsakanin magariba da isha'i ne ko gab da asuba, lokacin da mu muke cikin duhu ita kuma rana na haska ta. Ka nemi dare mara hazo, ka matsa daga hasken fitila. Wani lokaci za ka ga ta dushe tsakiyar sama kafin ta kai gabas, to inuwar duniya ta shiga.